Wace taya ta dace da Hilux ɗin gona? Amsa ga wani manomi a yankin Lagdo

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji da ke noma tsakanin Ngong da Lagdo, a arewacin Kamaru. Ya sayi Hilux ta hannu mai gida biyu, kat-kat (wato mai ja da ƙafa huɗu), cikin ƙirar da aka yi tsakanin 2005 da 2015, mai injin dizal samfurin 5L marar turbo. Daga Duwala aka kawo ta, sanye da janti (ƙarfen da ake ɗora taya a kai) na alminiyam mai lamba 18 da taya 255/55R18 105V. Masara da gyaɗa da taki yake ɗauka da ita, wani lokaci albasa zuwa Ngaundare. Tun da damina ta kankama tayoyin baya ke fashe masa ta gefe, direbansa kuma ya nace sai an sa mata manya masu faɗi, 285/75R16. Shi ne yake son ya ji ko ya bi shawarar direban.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kar ka sa 285 ɗin nan. Amma kar ka yi wa yaron naka faɗa, don rabin maganarsa gaskiya ce: jantin 18 ba shi da abin yi a gona, na 16 ya kamata motar ta hau. Inda ya kauce shi ne da ya ɗauka girman taya ne ƙarfinta. Sai ka jera taya biyu, a ido tsayinsu ɗaya, amma ɗaya ta fi 'yar uwarta ɗaukar kaya da buhu biyu ko uku.

Kafin komai, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufewa a kai. Akwai 'yar takarda manne a wurin, in dai mai fenti bai shafe ta ba. Ita ke faɗin tayar da kamfani ya auna motar da ita, da yawan iskar da za a sa in babu kaya da in akwai. A irin taka yawanci 205R16C za ka gani, a kan jantin ƙarfe mai faɗin inci 6. Wanda ya riƙe ta a Duwala ne ya cire ya sa na ado, tunda shi kwalta yake bi daga gida zuwa ofis. Duk lissafin da zan yi daga wannan lambar zai tashi. In ka tarar da wata daban a jikin ƙofar, sai ka mayar da lissafin a kanta.

Ɗauki tayar da ke jikin motar yanzu. 255 ɗin faɗinta ne a milimita. 55 kuma kashi ne: tsayin gefen tayar, daga bakin janti zuwa inda take taka ƙasa, kashi 55 ne cikin 100 na faɗin, wato milimita 140. 18 shi ne girman jantin a inci. Ita 205R16C ba a rubuta mata lambar tsakiya ba, ana lissafa ta da 80, gefenta ya zama milimita 164. In ka tsayar da su biyun kusa da juna, tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, 738 da 734. Abin da aka yi wa motarka shi ne an cire kusan santimita biyu da rabi na roba da iska an cike gurbin da ƙarfe. A kan kwalta mai santsi babu laifi. Amma ranar da kake ɗauke da masara ka faɗa bakin rami ko ka hau dutse, gefen tayar zai naɗe ya shiga tsakanin janti da dutsen, zaren ciki ya tsinke. Ba lallai ta fashe nan take ba. Ƙulu take fara yi kamar ƙwan kaza, direba ya ce ai ba komai, bayan kwana uku ta tashi a hanya.

Sai 105V, wadda masu saye ba su cika kallo ba, alhali ga mai gona ita ce uwar lambobin. 105 na nufin taya ɗaya ba za ta ɗauki fiye da kilo 925 ba, shi ma sai in an cika mata iska yadda ya kamata. V kuma na nufin tana jure gudun kilomita 240 a awa. An yi ta ne don motar da za ta zura a titunan Jamus da mutum huɗu da akwatunansu. Ka biya kuɗin gudun da ba za ka taɓa yi ba, ka rasa ƙarfin da kake bukata kullum. Lambobin da ya kamata ka riƙe ba su da yawa: 110 kilo 1,060 ne, 112 kilo 1,120, 115 kilo 1,215, 120 kilo 1,400. In ka ga lamba biyu a haɗe kamar 110/108, ta farkon ce taka, ta biyun ta motocin da ke goya taya biyu a kowane gefe ce.

Yanzu mu ɗora buhu. Hilux mai gida biyu, ba kaya, tana kusa da tan biyu, kuma abin da ke kan tayoyin baya a ciki ya kai kilo 850 ko kusa da haka. Ka loda buhun masara goma mai kilo 100. A mai gida biyu, bodin baya gajere ne, yana zaune a kan gatarin baya, rabinsa ma ya zarce shi, don haka kusan duk nauyin a baya yake sauka. Kilo 1,850 ke nan, kowace taya 925. Ka ga buhu goma kawai sun kai tayarka ƙarshen iyakarta, tun ba a zo kan rami ba, tun ma'aikata uku ba su ɗare saman buhunan ba. Ni kuma na san mutanenmu, ranar kasuwar Ngong babu mai tsayawa a goma. A sha huɗu kowace taya na ɗauke da sama da 1,100. Buhun taki ma yaudara gare shi, kilo 50 ne, ba ya cika ido, sai a jera talatin bodin bai ko cika ba, alhali tan ɗaya da rabi ke nan.

A nan sai na faɗa maka abin da mai sayar da taya ba ya son faɗi. Taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota iyakar kayanta. Abin da irin motar nan ke ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. In ka sa mai lamba 120 ka ci gaba da loda sha biyar, tayar za ta daina fashewa, sai ɓarnar ta koma kan sifirin, da boris ɗin baya, da shasi a daidai inda gida ya rabu da bodi. Sawu biyu ya fi arha a kan walda.

Harafin C da ke ƙarshen 205R16C, ko LT da ake rubutawa a gaban wasu, shi ke nuna tayar aiki ce. Za ka ga an ƙara 8PR ko 10PR, abin da muke ce wa fulai takwas da fulai goma. Ba wai in ka yanka za ka ƙirga shimfiɗa takwas ba, tsohon ma'auni ne tun zamanin zaren auduga, yanzu ƙarfi kawai yake nunawa. In ka je shago, kafin a ɗora ta a janti, ka kama gefenta da hannu biyu ka matsa. Ta ƙaramar mota lanƙwashewa take kamar fatar jaka, ta aiki kuwa sai ka sa ƙarfi. Wannan kaurin ne ke tsakaninka da kututturen gona. Duk wanda ya shiga gonar auduga bayan an sare kara ya san abin da nake nufi: adda ta yanka shi a karkace, ya bushe a rana, ya tsaya tsini sama kamar mashi, tsawon ɗan yatsa. Saman taya yana da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin haƙora, yakan tsallake. Gefe ba shi da ko ɗaya. Haka kututturen dawa, haka ƙayar aduwa da ta bagaruwa a hanyar shanu. Kuma hudar gefe ba ta da faci na gaskiya. Mai faci zai ɗinke ya liƙa maka ta ciki, za ta riƙe iska, amma wurin nan lanƙwashewa yake a kowane juyi, don haka ba tayar da za ka ɗora wa kaya ka hau kwalta ba ce.

In tayoyin da suka fashe suna nan, sa a cire su daga janti ka leƙa cikinsu, za su gaya maka abin da ya kashe su. In ka ga garin baƙar roba ya taru a ciki, da wani zobe mai duhu da tamoji da ya zagaye gefen, zafi ne ya dafa ta, wato kaya sun yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In yanka ɗaya ne mai tsabta, sauran jikin lafiya, kututture ne. In tsaga ce gajera kusa da bakin janti, jantin ma da ɗan tabo a daidai wurin, matsewa ce a rami. Ina kyautata zaton na farko da na uku za ka gani.

Mu koma kan 285/75R16 ta direba. Tsayinta milimita 834 ne, ta ɗara ta asali da santimita goma cif, wato sama da kashi 13 cikin 100. Riba ɗaya ce a ciki: cikin motar zai ɗaga da santimita biyar, tunda rabin ƙarin tsayin ne kawai ke ƙarƙashin gatari. Ga kuma abin da za ka biya. Ta asali takan ci mita 2.3 a juyi ɗaya, wannan kuwa 2.6. Injin bai ƙaru ba, an dai tsawaita masa taki, kamar kullum kana tashi da giyar da ta ɗara wadda ka sa. 5L inji ne mai haƙuri da jure man da bai da kyau, amma dokinsa bai kai ɗari ba. Kowane tashi da kaya a cikin laka, kuloci ne zai biya, za ka riƙa jin ƙaurinsa. Garwa ba ta kai mita 250 a sama da teku ba, Ngaundare kuma tana wajen 1,100, kuma babban rabon hawan nan a falez yake, wato doguwar hawan dutsen da ke bayan Mbe. Da albasa a baya da taya 285, a giya ta ɗaya za ka rarrafa, allurar zafi na hawa. Saukowa ta fi ban tsoro, don doguwar taya tana rage wa birki ƙarfi daidai yadda take rage wa inji, kuma giya ba ta riƙe motar kamar da. Agogon gudu ma zai yi maka ƙarya, yana nuna 80 kana kan 90 da ɗoriya.

Ban gama ba. Nauyinta ya kusa ninka na ta asali, boris da bol-join da rak ɗin sitiyari duk za su ji a jikinsu. In ka karya kan mota za ta goga jikin madigad da bayan bamba, sai an yanka ko an ɗaga motar, ɗagawa kuma ga motar da ake jibga wa kaya sama neman kifewa ne. Tana bukatar janti mai faɗin inci 7.5 ko 8. Safayarta da wuya ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, sai dai ta hau sama ta cinye wurin buhu biyu. Mai kuma zai ƙaru a kowane sawu. Sannan ranar da ta yage a wani ƙauye bayan Lagdo, wa zai sayar maka da irinta? 205R16C kuwa, da 7.50R16 ta Land Cruiser, kusan duk garin da ke da mai faci za ka samu ko ta hannu ce, ta kai ka gida.

Akwai kuma zancen da ake yawan yi cewa mai faɗi ta fi fita a taɓo. Dubi raƙumi da jaki. Tafin raƙumi shimfiɗaɗɗe ne, a rairayi babu kamarsa, amma ruwa na sauka a ƙasar laka sai ka ga yana talalaɓiya, jaki da siririn kofatonsa ya wuce shi. Hanyoyinku na gona yawanci sama ne ke jiƙewa, santimita goma ko sha biyar, ƙasa da tauri. Siririyar taya tana yanka ta sauka ta kama taurin. Mai faɗi tana zama a saman santsin tana juyi, gindin mota na neman kwalbati. Inda kuma lakar ba ta da ƙasa, kamar karal ɗin da ake dasa masakwa a kwarin Binuwai ko fadamun shinkafa na ƙasan madatsar Lagdo a watan Agusta, babu faɗin da zai cece ka. Baƙar lakar nan cika haƙoran taya take ta mayar da ita sanƙo cikin juyi biyu. Maganinta a jira rana ta yi kwana ɗaya, ko a fito da kaya da amalanke zuwa bakin hanya.

Rairayi daban ne, kamar in za ka ratsa busasshen mayo, wato kogi, da rani. Shi ma ba faɗi ke aiki ba, rage iska ne. In ka sauke ta zuwa kilo ɗaya da rabi a gejin auna iska, tafin tayar tsawo yake ƙarawa gaba da baya, motar ta hau saman yashi. Taya mai dogon gefe ce kawai ke ba da wannan damar, mai jantin 18 kana rage mata iska janti zai sauka ƙasa. 'Yan uwanmu na Cadi da ke bin Masakori zuwa Mao, inda yashi ne abincin kullum, kan siririyar 7.50R16 suke tafiya a Land Cruiser, ba kan masu faɗi ba. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, kar a karya kai da ƙarfi don kar tayar ta zame daga janti, kuma a mayar da iska da zarar an fita. Don haka famfon da ake haɗawa da batir ya zama cikin kayan motar, kamar jak.

To me za ka saya? In ni ne, ɗaya cikin biyu. Ko ka koma 205R16C 110/108 mai fulai takwas, yadda motar ta fito, ko ka ɗan matsa zuwa LT225/75R16 115/112. Ta biyun tsayinta 744, bambancin santimita ɗaya ne, inji ba zai ma sani ba, tana hawa jantin inci 6 na asali, kuma kowace ɗaya ta fi ta farkon da kilo 155. Ita na fi so maka in kana samunta a Garwa ba tare da an yi odarta daga Duwala ko Yola ba. In kuma abin da ke damunka shi ne cikin mota na dukan tudun tsakiya a hanyoyin da manyan motoci da tarakta suka haƙe, iyakar abin da zan yarda da shi ita ce LT245/75R16, tsayi 774. Za ta ɗaga ka da santimita biyu, ta rage jan inji da kashi biyar, kuma sai ka nemo janti mai faɗin inci 7. Da injinka 2KD ne mai turbo da ban yi jinkiri a kanta ba. A 5L mai hawan falez da albasa, ina ɗan ja da baya. 235/85R16 taya ce ta kirki, siririya, doguwa, mai lamba 120, amma tsayinta ya haura 800, ta Land Cruiser ce.

Janti kuma na ƙarfe. Yana da nauyi, ba shi da kyau, amma in ya daki dutse lanƙwashewa yake, maƙerin kowane ƙauye zai buga shi da guduma ya riƙe iska. Na alminiyam tsagewa yake, kuma wanda aka yi wa walda ban yarda a ɗora masa kaya ba. Sai dai a kasuwar kayan hannu a nan ake yawan cutuwa, don mai sayarwa zai ƙirga maka rami shida ya ce ai duk ɗaya ne. Hilux kat-kat rami shida gare ta a kan da'irar milimita 139.7, ramin tsakiya kuma 106. L200 da D-Max da Ranger duk rami shida ne a kan da'ira ɗaya da taka, amma ramin tsakiyarsu ya fi ƙanƙanta, na L200 ma 67 ne kacal, ba zai shiga ba sai an fafe shi, fafewa kuma raunana shi ne. Navara ƙirar D40 rami shida ce amma da'irarta 114.3, Land Cruiser 79 kuma rami biyar. Bayan wannan akwai zurfin jantin, wato yadda yake shigewa ciki ko fitowa waje, ana buga shi a jiki da ET. Na Hilux irin taka wajen 30 ne. Tsofaffin jantunan Land Cruiser masu rami shida za su ɗauru, amma suna turo taya waje, ta riƙa watsa laka a jikin mota tana cin boris. Kar ka biya kuɗi sai an ɗaura ɗaya a gaba, an juya shi da hannu an ga bai taɓa birki ba, an karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe. Ka sayi notinsa tare, don notin jantin alminiyam na Toyota mai wasa ne shimfiɗaɗɗe, na ƙarfe kuma bakinsa a fiƙe yake, in aka musanya sukan kwance a tafiya.

Wataƙila wani ya kawo maka janti mai zobe, irin na tsofaffin Land Cruiser da ake sa wa tub. Masu shiga daji sosai suna son sa don ana iya buɗe shi da ƙarfe biyu ba tare da inji ba. Kai ba ka bukatarsa. Ƙaya na shiga tub iska take fita gaba ɗaya, tubles kuwa takan riƙe ƙayar ta kawo ka gida, a cusa mata igiyar faci cikin minti biyar ba a ko cire ta ba. Zoben nan kuma in bai zauna daidai ba lokacin ba da iska, tashi yake da ƙarfin da ke kashe mutum. Duk yaron da ka ga yana ba irinsa iska ya sunkuya a kai, ka janye shi.

Zancen haƙora ba shi da tsawo. Mai alamar HT ta kwalta ce, bar ta. MT mai manyan haƙora ta fi kowa a laka, amma tana kuka a kwalta, tana saurin cinyewa da zafi, birkinta a jiƙaƙƙen titi ba shi da daɗi. Tunda kana zuwa Ngaundare, AT, wadda ke tsakanin biyun, ita ce taka, ka zaɓi wadda haƙoranta suka ɗan gangaro kafaɗa.

Na san za a nuna maka na hannu 'yan Turai a rabin kuɗi. Ban ce duk marasa kyau ba ne, amma araha ba ta ado. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida kar ta hau bayan motar kaya, komai kyan haƙoranta, don roba tana tsufa ko a ɗaki take. Lanƙwasa gefen ka duba ƙananan tsaga, ka shafa cikin da tafin hannu ka ji ko akwai faci kusa da kafaɗa. Ka kula da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, za ka ga ramin zanen da kaushi, babu 'yan tudun nan da kamfani ke bari a ciki don nuna iyakar cinyewa. Da yawa kuma tayoyin hunturu ne, saman haƙoransu cike da siraran tsaga kamar an yi musu zane da reza, robarsu da laushi don ƙanƙara aka yi ta. A kwaltar Garwa a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, kafin wani lokaci sun suɗe.

Duk wannan kashe kuɗin banza ne in ba a kula da iska ba. Kilo 1,060 da aka rubuta wa 205R16C sai a iska kilo huɗu da rabi take ɗaukarsa, LT mai fulai goma kuma sai a biyar da rabi take kai nata. In ka bar su a kilo biyu ka loda, ba su fi wadda ka cire ba. Bi takardar jikin ƙofa: lamba ɗaya ta mota ba kaya, ɗaya ta mota da kaya, ta bayan ce ke ƙaruwa. In lodin ya kai ƙarshe ka ɗan ɗara, amma kar ka wuce abin da aka rubuta a gefen tayar, kuma in za ka haura kilo huɗu da rabi sai an sa bawul na ƙarfe. Da safe ake aunawa kafin mota ta motsa, da gejinka na kanka, ba da dukan ƙarfe ko shuri ba, tunda taya mai kauri ko ta rasa kilo guda ba ta nunawa a ido. In direba ya tsaya a Gamba ko Mbe ya ga iska ta hau, kar ya kuskura ya rage, zafi ne ya ɗaga ta, in ta huce za ta koma. Sai dai in hawan ya wuce rabin kilo bayan tafiyar awa ɗaya, alama ce tun farko iskar ta yi kaɗan ga kayan, ko gudun ya yi yawa. Kuma in an sauke kaya a rage ta baya, in ba haka ba motar za ta riƙa tsalle a kan burji, tsakiyar tayar ya cinye ya bar gefe.

Biyar za ka saya, iri ɗaya, girma ɗaya, har da safaya. Kat-kat ɗin Hilux irin taka in ka sa shi, gaba da baya kullewa suke su juya tare, babu abin da ke raba musu gudu a tsakiya. In tayar gaba ta fi ta baya tsayi, ɗaya na ja ɗaya na turjewa, ƙarfen tsakiya ne ke shan murɗa. Shi ya sa ma ba a barin kat-kat a kan busasshiyar kwalta ko da tayoyin iri ɗaya ne. In kuɗin bai kai na biyar a lokaci guda ba, jantunan 18 ɗin nan kuɗi ne a kwance, samarin Garwa masu son ado za su saye su da daraja, abin da ka samu ya biya na ƙarfe har ya taɓa kuɗin taya. Ranar da aka ɗaura sababbin, a sa a duba saitin ƙafafun gaba, sannan bayan kilomita 50 zuwa 100 direba ya tsaya ya sake bin notin nan ɗaya bayan ɗaya da sifana, don sabon janti yakan zauna su saki.